Sallar da Kombiyutar Ubanku Ta Makance

Da sunan Allah nake ɗora wannan a kan abin da na riga na faɗa muku. Kun ji yadda kakannina suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a nan Jazira ta ƙasar Sudan, suka ce bari su yi damina ɗaya, ga mu har yau ba mu gama wannan damina ɗayar ba. Kun ji aurena da kakanku Malam, da hawasha, wato gonar audugar da ta cinye ƙuruciyarmu. Duk wannan kowa ma zai iya ba ku labarinsa. Abin da zan faɗa yanzu kuwa, Malam ya tafi da nasa sanin kabari, saura mu uku: ni, da ubanku, da uwarku Samiya. Su biyun ba za su taɓa faɗa ba, don haka ya zama nawa kafin a ɗauke ni.

Kun taso kuna jin ba'ar da ake yi wa uwarku duk salla. Da an zauna shan gahawar jabana sai wata cikin gwaggonninku ta ce:

"Ina Samiya, mai kashe kombiyuta ta tayar da abinta?"

A yi dariya, ita ma ta yi, ku ma ku yi. Ni ma ina yi, Allah ya yafe mini, amma haƙora ne kawai. To ku buɗe kunnuwanku. Tayarwa dai ita ta tayar, kisan kuwa aikina ne, ni habbobarku, kakar nan taku da kuke gani da carbi kamar ba ta taɓa fasa ko ƙwarya ba.

Sai na fara da ubanku. Shi ne ɗan farina, kuma ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A yadda aka rene ni, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zama hira da shi, ba ta shiga ɗakinsa yana ciki. Uwar Malam ce ta goya shi, ni nono kawai nake ba shi in kau da kai. Da ya girma, in ina son ya ci abinci sai in ɗaga murya a tsakar gida in ce a gaya wa wancan tuwo na hucewa, alhali babu kowa a gidan sai ni da shi. Shi kuma ya amsa daga ɗaki, ya ce an ji. Larabawan maƙwabtanmu har mamaki suke yi, wata ta taɓa tambayata ko ɗan riƙo ne. Ba rashin so ba ne. Wallahi in ya yi tari a ɗakinsa, a ƙirjina nake jin zafin.

Ubanku bai gaji noma ba. Tun yana ƙarami in aka tura shi buɗe ruwa a hawasha sai a same shi a gindin bishiya yana kwance rediyon wani. Ya tafi Saudiyya shekara uku, ya dawo da kwalaye biyu da ya hana kowa ɗauka. Da aka buɗe, Malam ya zagaya abin sau biyu, ya ce:

"Ikon Allah. Mutum ya je ƙasa mai tsarki ya dawo mana da talabijin marar labarai."

Aka kafa kombiyutar a ɗakin bakin ƙofa: akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur, shasha a sama, wato allon da rubutu ke fitowa, a baya kuma wayoyi sun cukurkuɗe kamar kayan cikin rago. Ba a yi wata uku ba sai ga Malam yana cika baki da ita a masallaci. Takardar neman aiki, wasiƙar manoma zuwa ga hukuma, katin biki, duk abin da a da sai an hau mota zuwa garin Managil, yanzu a ƙofar gidana ake yi. Har daga ƙauyukan ƙetaren tur'a, babbar magudanar ban-ruwan nan, ake zuwa. Kullum da safe ina gaban doka, kaskon tuyarmu, ina toya wainar kisra nake jin tashinta: fanka ta fara huci, sai wani ɗan kuka guda ɗaya, ƙit! Daga nan na san wancan ya zauna, sai in aika masa da shayi. Doka ɗaya ya kafa, kuma kowa ya san ta: babu mai taɓa kombiyutar nan ko da da tsinken tsintsiya.

Uwarku kuwa 'yar birnin Madani ce. Jininta Bahaushe ne gaba da baya, amma Hausar bakinta a lokacin ba ta kai cikin cokali ba, in ta fara zance sai ta ƙarasa shi da Larabci. Yumma take ce mini, wato Inna da Larabci. Kafin aure ta yi shekara biyu tana aiki a wani shago inda ake buga takardu ana kuma gyaran irin waɗannan na'urori. Ubanta ɗan kasuwa ne mai ji da kansa, bai so ta yi auren ƙauye ba, kuma bai ɓoye ba. Ranar da aka kawo ta ya ce wa Malam a gaban mutane, ɗakinta na nan bai ba kowa ba, in aka ɓata mata rai sau ɗaya ta dawo, kuma in ta dawo ta dawo ke nan. Ubanku yana sonta, wannan ba a tambaya. Matsalarsa ɗaya, ta fi shi sanin abin da yake taƙama da shi. Wata rana ta kawo masa ruwa, ta ga yana fama da wani abu, ta nuna masa da yatsa a gaban masu jiran takarda. Aka yi masa dariya. Tun daga ranar dokar nan ta fi tsanani a kanta fiye da kowa. Ni kuwa ina son yarinyar, don ba ta da ƙyuya kuma ba ta da baki, sai dai ban taɓa nuna mata ba. Watanta takwas ke nan a gidan lokacin da abin ya faru.

Kun san al'adarmu ta gab da salla. Babu matar da ta san ciwon kanta da za ta bari salla ta same ta da baƙin bango. A fitar da komai tsakar gida, gadajen angarib da akwatuna da kwanuka, a kwaɓa farar ƙasar nan da muke ce wa jir, a shafe ɗakuna ciki da waje, a yi turare. Ni ba na barin Samiya ta taɓa jir, don yana cin hannu, ita fitar da kaya ne nata. Saura kwana huɗu layya mun gama ko'ina sai ɗakin kombiyuta. Ran nan ubanku ya tafi Managil sayo takardar kati, Samiya ta shiga maƙwabta taya su toya ka'ak, cincin ɗin salla. Na tsaya a ƙofar ɗakin ina kallo. Bango ya yi dauɗa daidai inda mutane ke jingina, gizo-gizo ya saƙa yana a kusurwa, kuma nan ne ɗakin da kowane baƙo ke fara gani. Na ce a raina, ni da ake kawo wa amare su koyi gyaran ɗaki, a ce an yi salla da wannan a gidana? Ashe karambanin akuya ne, gai da kura.

Na durƙusa na zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina ce wa kaina ai ido gare ni, zan mayar da kowace inda na same ta. Na fitar da shasha lafiya lau. Akwatin ƙarfen ne ya ba ni mamaki, don bai yi kama da mai nauyi ba. Na rungumo shi, na zo fita, zanina ya harɗe ni, gindinsa ya daki dokin ƙofa, gwaram! Ban sake shi ba, bai faɗi ba. Na duba, babu inda ya lotsa, na ce alhamdu lillahi. Na shafe ɗakin tas, ya yi fari har yana ɗaukar ido, na jira ya sha iska, na mayar da kaya. Wayoyin ba su ba ni wahala ba, kowace da irin bakinta, sai guda ɗaya mai shuɗin kai wadda ta fito daga shasha. Ita kam gurbi biyu na gani da suka dace da ita, ɗaya a sama, ɗaya can ƙasa. Na yi tunani, na ce abu mai daraja ai a sama yake zama, na cusa ta a na sama, har na murɗa 'yan kusoshinta da kyau. Ina durƙushe a nan sai na ji motsi. Na waiga, ga Samiya a ƙofa da farantin ka'ak a hannu. Muka haɗa ido. Ta sunkuyar da kai ta ce:

"Sannu da aiki, Yumma."

Ta wuce abinta. Da ubanku ya dawo da yamma ya leƙa ɗakin, ya ce daga can an gode, ɗaki ya yi kyau. Har na ji daɗi.

Washegari ina gaban doka na ji fanka ta tashi. Na saurara. Ban ji ƙit ba. Kisrar da ke gabana ta ƙone ina kallonta. Daga rumfar girki ana hango cikin ɗakin ta taga, na ga ubanku ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna. 'Yar koriyar fitilar akwatin tana ci, fanka na ta huci, amma shasha baƙi ƙirin, sai wata 'yar fitila ruwan goro a gefenta tana ƙiftawa. Ya bubbuga mata kai, ya danne duk wani abin dannawa, shiru. Katunan biki na gida uku suna cikinta, duka a makon bayan salla za a ɗaura auren, kuma an yi da shi za a karɓa a raba a filin idi. Ya fita ƙofar gida ya kira mai gyara na Managil a waya, aka ce masa ya rufe shago ya tafi garinsu, sai bayan salla da mako guda.

Yana can waje na ga Samiya ta fito daga ɗakinta da sauri, ta jiƙa bakin mayafinta a randa, ta shige ɗakin kombiyuta. Na ce to, gyarawa za ta yi. Ina! Durƙusawa ta yi tana goge gefen akwatin da bayansa. Sai a lokacin na gane. Shatin yatsuna ne, fari fat da jir, na bari a jikin baƙin ƙarfe, duk wanda ya sunkuya zai gani. Shi take sharewa. Ba ta gama ba ubanku ya shigo, ya same ta da hannu a bayan na'urar.

Da Larabci ya yi mata, don ya fi masa saurin fita, amma ga abin da ya ce:

"Dama na sani! Wa zai iya cire wayoyin nan ya mayar a gidan nan in ba ke ba? Ban hana ki ba? Mi kika yi mata?"

Ta miƙe, ta dunƙule jiƙaƙƙen mayafin a hannunta.

"Magana nake yi miki!"

Ni kuma ina tsaye a rumfa, taku goma tsakanina da su, bakina a rufe. Zan iya ce muku kunyar ɗan fari ce ta hana ni, kuma akwai ta. Amma tunda na fara bari in faɗi duka: girman kai ne ya fi yawa. Ban so a ce tsohuwa ta yi ɓarna irin ta yara ba. Na ce wa kaina faɗan miji da mata ne, zuwa azahar sun shirya.

Ba su shirya ba. Masu kati suka yi ta sallama, yana fita yana ba su haƙuri, duk dawowar da zai yi fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Bai ci abincin rana ba. Da la'asar ta kai masa shayi, na ji ta ce a hankali ko zai bari ta duba. Nan ya faɗi maganar da na san har yau yana nadamarta. Ya ce tunda ta fi kowa sani, ta je gidan ubanta ta nuna musu sanin, shi ya gaji. Ta ajiye shayin ta fito. Ta wuce ta gabana, ba ta ko ɗago ido ba, balle ta yi mini kallon da na cancanta. Da ta harare ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe ta share tsakar gida kamar kullum, ta dafa shayi ta kawo mini, ta durƙusa ta ce:

"Yumma, zan je in gai da Baba."

Na ga jakar. Ba jakar gaisuwa ba ce, babbar nan ce da aka kawo ta da ita. Na san in ta taka gidan ubanta da wannan jaka saura kwana biyu salla, ko liman da kansa ya je biko ba za a ba shi ita ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya kiyaye hanya. Kun ji kakarku. Ta ɗauki jakarta ta fita, ubanku na ɗakin kombiyuta ya juya baya, yana ji.

Jim kaɗan Malam ya dawo daga hawasha cin abincin hantsi. Na ajiye masa kwano, na gaya masa yarinya ta tafi. Ya wanke hannu, ya yi loma biyu. Sannan ya dubi hannuna da ke riƙe da buta, farcena duk jir ya maƙale, fatar ta tsattsage. Ya ce:

"Ni dai ban ga farar ƙasa a farcen yarinyar nan ba."

Ya ci gaba da cin abincinsa. Shekara arba'in muna tare, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma ran nan da mari ya yi mini da ya fi.

Na ajiye butar. Na nufi ɗakin bakin ƙofa. Na tsaya a dokin ƙofar nan da ya ja mini, na ɗaga labule na shiga, abin da ban taɓa yi ba yana ciki. Yana zaune ya zuba wa baƙar shasha ido. Na kira sunansa. Sunansa na yanka, da bakina, karo na farko tun da aka raɗa masa shi. Ya zabura har kujera ta kife.

"Inna! Lafiya? Wani abu ya sami Baba?"

"Ba abin da ya sami ubanka. Ni ce. Ni na cire wayoyin, ni na fitar da ita, ni na shafe ɗakin na mayar. Yarinyar nan shatin hannuna ka same ta tana gogewa."

Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa, rabon da in ga fuskarsa kusa haka tun yana shan nono. Ashe har ya fara furfura a gemu ban sani ba. Ya dafa tebur ya ce:

"Inna, don mi ba ki faɗa ba?"

"Kai don mi ba ka tambaya ba? Ka ga mace ta yi shiru sai ka hau ta da faɗa?"

Kun ga halina, ina cikin laifi ina kuma yin faɗa. Ya fara neman takalminsa, na ce ya zauna. Na ce ni na kore ta, ba shi ba, ni zan je. Zancen dokin ƙofa kuwa na haɗiye shi, na ce wanda na faɗa ma ya isa.

Na yafa mayafi na bi bakin tur'a har inda ake jiran mota. Allah ya taimake ni, bas ɗin safe ya wuce a cike da masu tafiya salla bai tsaya ba. Na same ta a gindin dogon yaro zaune a kan jakarta. Da ta gan ni ta miƙe ta ba ni wurin, na ƙi zama. Na ce mata na gaya masa. Ta rufe baki da hannu, kamar ita ce aka kama. Na ce:

"Ke kuma wace irin yarinya ce? Kin gan ni da idonki, ki tsaya ana zazzaga miki?"

Ta haɗa Hausarta da Larabcinta ta ce:

"Yumma, ranar da za a kawo ni, habbobata ta ce in je ƙauye in koyi komai a hankali, amma abu ɗaya kada in yi kuskurensa ko sau ɗaya: kada in ba uwar mijina kunya a gaban ɗanta."

Hawaye suka zo mini, na yi kamar ƙura ce ta shiga idona. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba ta riƙe ni ba, amma maganar da ya faɗa mata tana nan a maƙogwaronta, ba ta wuce ba. Ta ce za ta koma ta duba na'urar saboda ni da kuma masu biki, sauran kuwa ba ta sani ba, akwai bas na la'asar. Ban ja da ita ba, don tana da gaskiya. Na sunkuya na ɗora jakar a kaina. Ta yi ta roƙo in sauke, na ce ta wuce gaba. Haka muka ratso ƙauyen, mata na leƙe ta katanga, aka ce amarya ta yi ɓarna ta yi yaji, uwar miji mai haƙuri ta je biko. Daga nan ba'ar da kuke ji ta samo asali, kuma na sha yabon da ban cancanta ba.

Na sauke jakar a tsakar gida, ta ce a bar ta a nan. Muka shiga ɗakin mu uku. Ubanku ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ta ce ba yanzu ba. Ta fara da shasha, ta nuna 'yar fitilar nan mai ƙiftawa, ta ce wannan tana nufin shasha na da wuta, lafiyarta ƙalau, saƙo ne ba ya iso mata. Ta kashe komai, ta jawo akwatin ta leƙa bayansa, sai na ga ta danne dariya. Ta ce gurbin sama na asalin na'urar ne, amma tun da aka sa mata wani kati na hoto a ƙasa, na saman ya daina aiki, ta na ƙasa take magana. Ta kwance wayar mai shuɗin kai da ƙyar, don na ɗaure ta ɗaurin tsohuwa, ta mayar ƙasa. Ubanku ya sunkuyar da kai, don kwana guda yana bugun shasha bai taɓa leƙa baya ba. Ta kunna. Fanka ta tashi. Muka zuba ido. Baƙi ƙirin.

Ta sake kashewa ta kunna, haka dai. Ta zauna a kan dugaduganta tana tunani. Ni da aka ce in zauna a gefe sai na ji bakina ya ce:

"Ba ta yi kukanta ba."

"Wane kuka, Yumma?"

"Ƙit ɗin nan da take yi da safe. Tun jiya ban ji shi ba."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Ta ce in waya ce kaɗai matsalar da ta yi kukan, ko da ba a ga komai ba. Tunda ba ta yi ba, akwai abin da ya motsa a cikinta. Sai ta sassauta murya, ta ce:

"Yumma, ki yi haƙuri. Ta faɗi?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne, jikokina. Na ce ba ta faɗi ba. Suka zuba mini ido suna jira. Na ce ba ta faɗi ba, sai dai ta gaisa da dokin ƙofa. Ubanku ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa, ni na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya yake dannewa, marar kunya.

Samiya ta ce madalla, da na faɗa na rage mata aiki. Ta zare wayar wuta daga bango, ta danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, ta ce don sauran wutar ciki ta fita. Ta miƙa hannu ba tare da ta dubi ubanku ba, shi kuma ya sa mata sukundireba a tafi kamar ɗan aike. Ta buɗe gefen akwatin, ta fara taɓa ƙarfen jikinsa da hannu kafin ta taɓa komai. Ciki duk ƙura, ta hure ta a hankali. Ta ce in matso in gani. Wasu 'yan alluna ne koraye guda biyu, sirara, tsawon matajin kai, a tsaye cikin gurbinsu. Ramat ta ce sunansu. Ɗaya na zaune daram, ɗayan gefensa ya ɗago kaɗan, ɗan makullin da ke riƙe shi ya buɗe. Ta ce ga gaisuwar dokin ƙofa nan. Ta cire su duka biyun, ta karɓi abin goge fensir ta murza bakinsu mai ruwan zinariya har ya yi haske, ta mayar, ta danna da manyan yatsu biyu sai da kowanne ya ce ƙas. Ta danna katin hoton shi ma don ta tabbata. Ba ta rufe akwatin ba, ta mayar da wuta, ta yi bisimilla ta kunna.

Fanka ta tashi. Na riƙe numfashi. Ƙit! Fitilar ruwan goro ta koma kore, farin rubutu ya gudano a kan shasha, can sai ga hoton nan na Ka'aba da ya sa a fuskarta. Na yi kabbara da ƙarfi har Malam ya leƙo. Ubanku ya buɗe katunan, duka ukun suna nan, ko wasali bai ɓata ba. Ya juyo wurinta, a gabana, ya ce ya zalunce ta, ya faɗi abin da bai kamata ba, ta yafe masa. Ya ce daga yau kujerar nan tasu ce su biyu. Ta ɗaure kusoshin akwatin ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye sukundireba a tebur, ta goge hannunta, ta fita ba ta amsa ba.

Na bi ta da ido ta taga. La'asar ta yi, kuma daidai lokacin muka ji bas ɗin yana ta danna ham a bakin tur'a yana kiran masu tafiya Madani. Jakar na nan a tsakiyar gida inda na sauke ta. Samiya ta nufe ta, ta tsaya a kanta. Ni dai babu addu'ar da ban karanta ba. Ubanku ya miƙe zai fita, na riƙe masa riga, don wannan ba tamu ba ce, tata ce. Ta daɗe a tsaye. Bas ya sake kira, sannan muka ji tashinsa. Sai ta kewaye jakar, ta shiga rumfar girki, ta buɗe tukunya ta leƙa, ta ɗaga murya ta ce:

"Yumma, babu komai a nan. Mi za a dafa?"

Na saki rigar ubanku na ce masa ya je ya ɗauke jakar matarsa daga rana. Ni kuma na tafi na fiddo mata kuɓewa.